Littafin da nake shiga da shi ɗakin likita

Shekara biyu cur na yi ina shan maganin suga ban san sunansa ba. Wallahi da a lokacin ka tare ni kace wane magani kake sha, abinda zan ce maka shi ne fari babba safe da dare, sai wani ɗan ƙarami da safe, shi ke nan. A 2019 aka ce min ina da shi, bayan na ɗau watanni ina fama da ƙishirwa da fitsari, dare ɗaya sai in tashi sau biyar sau shida, ga rama har abokan kasuwa sun fara ja na gefe suna tambaya ko lafiya. Aka auna, likita ya duba takarda yace Alhaji suga ne, ya rubuta magani, nace to Likita na gode Allah ya saka da alheri, na ninke takardar na fito. Ban tambaye shi nawa ya gani ba, ban tambayi nawa ya kamata ya zama ba, ban tambayi me maganin yake yi a jiki ba.

Kuma ba wai ban damu ba ne. Haka aka taso da mu, gaban wanda ya fi ka sani ba a yawan tambaya, sai ka ga kamar raini ne. Ga shi ka zo tun bayan asuba ka ajiye kati, ka zauna kan benci har rana ta take, in aka kira ka kuma kana jin tarin mutanen da ke bayanka a ƙofa, sai kunya ta kama ka, ka ce bari in yi sauri in ba wani wuri. Minti biyar ka fito. Sai kuma bayan wata uku.

Azumin 2021 ne ya farkar da ni. A watan Afrilu ya kama, duk wanda ke Kano ya san zafin Afrilu. Ban je wajen likita kafin azumi ba, ban ma san ana zuwa ba, da kaina na yi lissafi nace na safe ya koma sahur na dare ya koma buɗa-baki. Rana ta huɗu ko ta biyar muka makara, sahur ɗin ruwan shayi ne da ɗan burodi a tsaitsaye, na haɗiye ƙwayoyin nan biyu na fita. Wajen biyu da rabi mun dawo daga azahar, ina shago a Kwari ina auna wa wata mata shadda, sai naji hannuna yana rawa almakashi na neman suɓucewa, wata zufa mai sanyi ta keto min, gabana yana bugawa fat-fat, ga wata irin yunwa da ban taɓa ji ba. Matar tana magana ina jin muryarta kamar daga cikin rijiya. Daga baya yaron shagona yake faɗa min wai sau uku na maimaita mata kuɗin yadi, kuma na daka masa tsawa ba gaira ba dalili, ni ban ma san an yi ba. A raina azumi ne kawai ya ɗan kama ni, nace bari in kishingiɗa kan dila zuwa la'asar.

Allah ya sa yaron ya ruga ya kira maƙwabcinmu, wani dattijo da ya fi shekara goma da ciwon, kullum na'urar awonsa na cikin aljihun gaban riga. Ya kama yatsana ya huda, ya ɗiga jinin, muka zuba ido. 49. Ya ɗago yace Alhaji karya azumin nan yanzu-yanzu. Nace Baba saura fa awa huɗu a sha ruwa. Yace ɗana ba za ka kai awa huɗun ba a haka, ka sha, ramuwa ai Allah ne ya halatta ta. Ya aiki yaro ya kawo lemon kwalba, ya sa na sha rabi, ya duba agogo muka jira minti 15, ya sake aunawa ya ga ya haura 80, sannan yace a nemo min abinci in ci mai ɗan nauyi don kar ya sake faɗuwa. Da hankalina ya dawo ya tambaye ni sunan maganina, na yi shiru. Na lalubo fallen a aljihu na miƙa masa, ya sa tabarau ya karanta yace glibenclamide, wannan ai shi ne mai kayar da mutum in ya sha bai ci ba.

Ranar na san cewa ƙwayoyin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Babban, metformin, rage sugan da hanta ke sakowa cikin jini yake yi, kuma shi kaɗai da wuya ya kayar da suga ƙasa sosai. Ƙaramin kuwa, glibenclamide, matsa wa jiki yake ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba shi ba ruwansa, kuma yana daɗewa a jiki. Ni kuma na sha shi kan ruwan shayi na tunkari awa goma sha huɗu ba ci ba sha. Da na kwanta kan dilar nan barci ya ɗauke ni, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

A hanyar gida na tsaya na sayi littafi irin na 'yan firamare mai falle arba'in, washegari na sayi na'ura tawa. Yanzu ina kan littafi na bakwai. Shafin farko sunayen magungunana ne da yawan miligiram ɗinsu da lokacin sha, da manyan baƙi yadda ko na faɗi a hanya wanda ya buɗe zai gane, da lambar wayar gida. Sauran shafukan na ja layi da biro, kwanan wata, awon safe kafin in karya, awon bayan cin abinci da awa biyu, abinda na ci, sai wani fili a gefe na rubuta duk abinda na ji a jikina ko da jiri ne na minti biyu. Shafin ƙarshe kuma na tambayoyi ne, duk sanda wani abu ya faɗo min ko cikin dare ne sai in rubuta, don na lura da zarar na zauna gaban likita kaina yake wofi, sai na hau adaidaita a hanyar komawa sannan in tuna.

Ran da na fara shiga da littafin gabana na faɗuwa, ina tunanin za a ce na cika iyayi. Wata likita na samu ranar, yarinya ce ma a kaina. Nace Likita ina da tambaya uku na rubuto su, ba zan ci miki lokaci ba. Ta miƙo hannu ta karɓi littafin, ta yi ta buɗawa, ta tsaya kan 49 ɗin nan tace Alhaji yaushe wannan ya faru, me ya sa ba ka dawo ba tun lokacin? A take ta cire min glibenclamide ta mayar da ni kan gliclazide, ta yi min bayanin yadda zan raba metformin in ina azumi. Minti biyar ɗin nan dai su ne, ba a ƙara min ko ɗaya ba, amma abinda na fito da shi ya fi na shekara biyun baya gaba ɗaya. Da can in aka ce ya jiki sai ince da sauƙi, to me likita zai yi da da sauƙi? Ita sau huɗu take ganina a shekara, ni kuwa ina tare da jikin nan dare da rana, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, in bai nuna ba magini zai yi ta yaɓe ne inda ba nan ba.

Wani abu da ya rikita ni da farko shi ne lambobin. Na'urata tana nuna min 160, 170 da safe, sai na je ɗakin gwaji aka ba ni takarda an rubuta 9.4, na dawo gida da murna nace wa maiɗakina suga ya sauka warwas. Ashe ma'auni biyu ne, wani mg/dL wani mmol/L, in kana so ka mayar da ƙaramin zuwa babban sai ka ninka shi sau 18, kaga 9.4 ɗin nan 169 ce, abinda na'urata ke faɗa min kullum. Dan Allah duk mai suga ya san wanne tasa na'urar take amfani da shi. Wanda ya kwana bai ci ba aka auna aka ga 126 ko sama, wato 7.0, aka maimaita aka sake gani, shi ake ce wa yana da ciwon. Mu da muke kan magani yawanci ana so na safe ya tsaya tsakanin 80 da 130, na bayan abinci da awa biyu kar ya kai 180, ƙasa da 70 kuwa ya faɗi, a nemi abu mai zaƙi nan take. In kuma mutum ya riga ya sume kar a ɗura masa komai a baki zai iya shaƙewa, asibiti za a yi da shi, wannan na koya wa kowa a gidana har da yaran shago.

Sai gwajin HbA1c, wanda shekara biyu ban taɓa jin sunansa ba. Shi ba na yau yake nunawa ba, na wata biyu zuwa uku da suka wuce yake nunawa, saboda suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini su kuma suna rayuwa kamar kwana 120. Akwai masu kame baki kwana biyu kafin ranar asibiti don awo ya yi kyau, to wannan gwajin ba ya ɓoye komai. Yawancin manya ana so ya zama ƙasa da 7. Nawa na farko 9.8 ne. Amma ga abinda ya shafe mu nan ƙasar musamman, mai sikila ko mai ƙarancin jini gwajin na iya ba da lambar da ba daidai ba, har mai AS ma akwai injinan da ke rikicewa a kansa. Ni AS ne, kuma ba wanda ya tambaye ni, ni na faɗa, aka rubuta a fayil ɗina.

Batun abinci kuwa nan ne littafin ya fi yi min rana. Kowa a dangi ya zama likita, a daina shinkafa, a koma tuwon alkama, a koma acca, kar ka ci wannan kar ka ci wancan, har na kai ina kallon kwano ina jin tsoro. Wata shida ina cin tuwon alkama malmala biyu manya ina ganin magani nake ci. Da na fara aunawa bayan awa biyu sai ga 240. Alkama ma ai sitaci ce. Na gwada malmala ɗaya ƙarama ta tuwon masara da miyar kuka mai yawa da kwaɗon zogale a gefe, na samu 150 da 'yan kai. Koko da ƙosai in ba suga kuma kokon rabin kofi ne, lafiya lau, in na cika kofi sai ya haura. Shayi da burodi na mai shayi shi ne babban abokin gabata. Wake da alale da ƙwai ba sa tayar min da shi. Fura ina sha amma 'yar kaɗan da nono mai yawa ba suga. Na kuma lura in na taka daga masallaci na zaga unguwa minti 20 bayan tuwon dare, lambar tana sauka sosai fiye da ran da na ci na kwanta. Wannan jikina ne fa, naka na iya bambanta, shi ya sa sai ka auna da kanka. Sitirif, ɗan abin da ake ɗiga jini a kai a saka a na'ura, yana da tsada na sani, ni ma ba kullum nake aunawa sau uku ba, nakan zaɓi abinci ɗaya in gwada shi sau biyu in rubuta, in na san halinsa sai in wuce zuwa wani.

Maganin gargajiya, bari in faɗi gaskiyata. An kawo min garafuni, an kawo shuwaka, an kawo jarkoki da ba suna ba komai daga masu lasifika a mota, kuma masu kawowa ƙauna ce ta sa su, ba na raina su. Yayata da kanta ta zo da wani jiƙo tace ƙanena ka ajiye na Bature ka sha wannan sati biyu an ce yana warkarwa kwata-kwata. Nace Yaya na gode, amma ba zan ajiye ba. Zogale da shuwaka ina cin su a matsayin abinci. Abinda ban san me aka zuba a ciki ba kuwa ba na sha, saboda suga da kansa yana cin ƙoda a hankali, ba zan ƙara mata wani nauyin da ban san shi ba. Kuma in za ka sha wani abu ko ta halin ƙaƙa, to ka faɗa wa likita, kar ka ɓoye don gudun faɗa. Haka haɗin da ake yi a kemis na ciwon jiki, ƙwayoyi biyar shida a ƙulle a leda ba kwali. Sau da yawa akwai irin su diclofenac ko ibuprofen da ke wahalar da ƙoda in an yawaita, wani lokacin har da dexamethasone ko prednisolone waɗanda ke harba suga sama. Na taɓa ganin 310 kwana biyu a jere na rasa dalili, sai da na duba gefen littafi na ga na rubuta ciwon baya, na sha haɗi. Tun ranar duk abinda za a ba ni sai na ce ina da suga, kuma menene sunan wannan.

Ƙafa ita ce abinda ke hana ni barci. Dattijon nan da ya cece ni, Allah ya ƙara masa lafiya, yatsunsa biyu na ƙafar hagu babu, kuma daga ƙusa ce 'yar ƙarama a cikin takalmi da ya yini yana takawa bai ji ba. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, sai ka ji rauni ba ka sani ba, ga shi ba ya saurin warkewa, kafin ka ankara ya zama gyambo. Yanzu kowane dare bayan isha'i ina zama bakin gado da ɗan madubin maiɗakina in duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In na yi alwala ina tsane tsakanin yatsun. Lokacin hunturu ina shafa mai a dunduniya saboda faso. Na daina miƙa ƙafata ga masu yankan farce na kasuwa, na daina taka farfajiyar masallaci ba takalmi da rana tsaka, kuma kafin in sa takalmi sai na zura hannu ciki. A asibiti ma da na shiga nake cire takalmi da safa tun kafin a ce, in likita ya ga ƙafa a waje zai duba, in tana cikin takalmi mantawa ake yi saboda yawan mutane.

Ido da ƙoda su ma ni nake tunawa da su. A bangon littafi na rubuta watan da aka ɗiga min magani a ido aka duba can ciki, da watan da aka yi min gwajin ƙoda na jini da na fitsari, in shekara ta zagayo sai ince Likita lokacin gwajin kaza ya yi. Hawan jini ma ina aunawa, don su biyun in suka haɗu su ne ke kai mutum ga wankin ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki. Kwanaki na karanta cewa daɗewa kan metformin na iya rage sinadarin B12 a jiki har ya kawo jin kamar ana tsira allura a ƙafa, ban yanke wa kaina hukunci ba, na rubuta a shafin tambaya na kai. Abinda na gani a waya ko a Facebook tambaya yake zama a wajena, ba na canza ko rabin ƙwaya saboda shi.

Kuɗi kuma, ba sai na faɗa ba, tun 2023 da naira ta faɗi magani ya yi tashin gwauron zabi. Akwai watan da na fara tunanin in riƙa shan ɗaya maimakon biyu don ya kai ni ƙarshen wata. Maimakon haka na cire kunya nace Likita wallahi wannan ya fi ƙarfina yanzu, akwai mai sauƙi? Ashe sanin ainihin sunan maganin yana ceton aljihu, Glucophage suna ne kawai da kamfani ya sa wa nasa, abinda ke ciki metformin ne, kuma akwai na wasu kamfanonin masu rahusa. Ina dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin in kankare in tura saƙon. Likita ba zai san ba ka iya saye ba in ba ka faɗa ba, sai ya ga suga ya ƙi sauka ya ɗauka maganin ne ya gaza ya ƙara maka wani mai tsadar.

Azumi ina yi har yanzu alhamdulillahi, amma tun cikin Rajab nake zuwa a duba ni a tsara min magani, kamar sati shida zuwa takwas kafin wata ya kama. Na tambayi malaminmu na unguwa kan huda yatsa da rana yace ba ya karya azumi, don haka ina aunawa da hantsi da bayan azahar da kafin magariba. Ƙa'idar da aka ba ni, ƙasa da 70 ko sama da 300 in karya, ko da saura minti goma ne a kira salla. Bara sau biyu na karya, na rama a Shawwal. Ranar farko raina ya sosu ƙwarai, na zauna a shago ina tauna dabino kowa yana azumi, sai na tuna ayar nan ta Baƙara, ta 185, da Allah yake cewa sauƙi yake nufi da mu ba tsanani ba. Akwai kuma waɗanda likita zai ce musu kar ma su fara, masu ciwon ƙoda da ya yi nisa ko waɗanda sugansu ke yawan faɗuwa, wannan tsakanin mutum ne da likitansa da malaminsa.

Talata mai zuwa nake da ganin likita. HbA1c na ƙarshe 7.3 ne, bai kai inda nake so ba tukuna. Na rubuta tambaya uku, ta farko me ya sa awon safe yake haurawa 140 ran da ban ci komai da dare ba, ta biyu babban yatsana na dama ya fara yin kamar an sa masa safa ko in yi gwajin B12 ɗin, ta uku kuma ba tawa ba ce, ta babban ɗana ce, ya shiga 26 ya fara tumbi kuma kakarsa ma da ciwon ta rasu, ina so in ji yaushe ya kamata a fara auna shi.